Ni da Warin Danshi: Abin da Na Gwada a Durowar Kayana a Agege

Asabar, 4 ga Mayu, 2024

Da hantsi na jawo durowar ƙasa zan ɗauko leshin da na sa a bikin ƙanwata, sai wani wari ya daki hancina har na ja da baya. Ba warin dauɗa ba ne, don da hannuna na wanke kayan, na goge, na jera. Irin warin nan ne na tsumman goge ɗaki da aka manta a bokiti kwana uku. Na warware leshin, sai ga ɗigo-ɗigo masu ruwan toka a bakin kowane ninki. Hunhuna ce. Atamfofi biyu da ke ƙarƙashinsa su ma sun fara. Mayafan da ke hawa na sama ba su yi tabo ba, amma warin ya kama su.

Wata bakwai ke nan da tarewata a Agege, wannan ce daminata ta farko a Legas. A gidanmu na Kano kayan Inna kan shekara a adaka, ranar da aka buɗe ƙamshin turaren wuta ne zai tarbe ka. Ban taɓa zaton wankakken kaya zai lalace yana ajiye ba. Maigidan ya leƙo ya ce, "Ai ba ki ga komai ba tukuna, bari Yuni ya kama." Shi ya daɗe a garin, takalmansa na fata sun sha tsirar da gemu.

Zan riƙa rubuta abin da na gwada da abin da ya biyo baya, don na san halina, nan da wata biyu na manta wanne ya yi aiki. Durowar ta katako ce mai hawa huɗu, bayanta siririn filawud, tana manne da bangon da ke kallon lungu. Ɗakin a ƙasa yake, tagarsa ɗaya.

Alhamis, 9 ga Mayu

Tun ranar Asabar ɗin na aika aka sayo mini kafur na watsa a kowane hawa. Yau na je awo, cikina wata shida, ana cikin yi mana bayani sai nas ta ce duk mai fararen ƙwallayen nan a cikin kayanta ta fitar da su, kada su ko kusanci kayan jariri. Da aka tashi na tsaya na tambaye ta dalili.

Ashe yawancin abin da muke saye da sunan kafur ba kafur ɗin itace ba ne, wani sinadari ne da ake kira naftalin, wanda ake samu daga kwalta. Shi ya sa ƙwallon yake ƙanƙancewa a hankali har ya ɓace: tururi yake zama, tururin kuma cikin zaren tufafi yake shiga. Akwai jariran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, likitoci suna ce masa G6PD, abin ya yawaita a Najeriya, musamman ga 'ya'ya maza. Irin wannan jariri idan aka naɗe shi da kayan da suka sha naftalin, ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi, har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Kuma ba a gane mai wannan larura da ido.

Ina dawowa na tsince su tas na ƙulle a leda. Da ma ba su kashe warin ba, nasu suka ƙara a kai. Daga yau abin da zan iya haɗawa da hannuna kawai zan gwada.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na yi abin da kowace 'yar Arewa za ta yi. Na sake wanke masu tabon, na hura gawayi a kasko, na zuba turaren wutan da na zo da shi mai sandal da hawi, na kifa kabbasa na riƙa ɗora kayan kashi-kashi har hayaƙi ya ratsa su. Ƙamshi har tsakar gida. Na mayar na rufe ina jin na gama da maganar.

Alhamis, 16 ga Mayu

Ƙamshin yana nan, warin ma yana nan, sun haɗu sun haifi wani abu na uku da ya fi tayar da zuciya, kamar wanda ya yini a kasuwa ya fesa turare bai yi wanka ba. Da cikin da nake da shi, sai da na fita waje na sha iska.

Na kira Inna. Ta ce, "Ƙara turaren za ki yi, 'yar nan, ki sa kajiji, shi ba ya ƙarya." Sau ɗaya Inna ta taɓa zuwa Legas, shi ma a watan Janairu. Na ce to.

Asabar, 25 ga Mayu

Makon jiya na bi maigidan Mile 12 sayen kayan miya, na haɗo da kanumfari da kirfa. Na ɗinka 'yan jakunkuna da ƙyallayen atamfa, kowace kamar girman kwalin ashana biyu. A wasu na zuba dakakken kanumfari da kirfa, a wasu ɓawon lemo da na shanya kwana biyu a bakin taga.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ɓawon lemon da na ɗauka ya bushe, ashe bayansa kawai ya bushe, farin cikinsa da sauran ruwa. Yau na buɗe jaka ɗaya na tarar ya yi kore shar, da hannuna na kai wa hunhuna abinci har gida. Kanumfarin kuma da na daka ya fitar da mai, ya ratsa ƙyallen ya yi wa farin kallabina tabo ruwan ƙasa. Ƙamshinsa dai yana da ƙarfi, wannan ba musu. Ko zan sake sa shi, ba dakawa, kuma ƙyalle ninki biyu.

Asabar, 1 ga Yuni

Yau aka gano bakin zaren, kuma ba ni na gano ba.

Akwai Hajiya a sashen da ke kallon namu, dattijuwa, haifaffiyar Agege, kakanta fataucin goro ya kawo shi. Ita har gobe Ikko take ce wa garin. Ta tare ni wajen igiyar shanya ta ce, "Amarya, me kike ta ƙonawa a ɗakin nan kullum sai ka ce gidan biki?" Na kwashe labari na gaya mata. Ta ce mu je ta gani.

Na zaci kayan za ta shinshina. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta zura hannu ta bayan durowar ta shafa bango, ta fito da hannun ta nuna mini, ya yi damshi da ɓurɓushin fenti. Ta ce, "Kira mijinki ya ja wannan abin."

Da ya ja, ni kaina sai da na yi salati. Bangon ya yi baƙi-baƙi tun daga ƙasa har kusan gwiwa, fentin ya kumbura yana ɓarewa. Filawud ɗin bayan durowar ya yi laushi, ya yi wani farin gashi kamar auduga. Wata guda ina faman wanki da turare, gidan abin yana nan a inda ban taɓa leƙawa ba.

Hajiya ta ce, "Kin bar jaki kina dukan taiki. Nan Ikko ne. Bango yana shan ruwa daga ƙasa, katako yana sha daga bango, kayanki suna sha daga katako. Ki raba su tukuna, maganar ƙamshi ta zo daga baya."

Yini muka yi. Muka zare hawa huɗun gaba ɗaya, na goge ciki da waje da farin khal, ban sirka shi ba, muka jera su a tsakar gida, da yake Allah ya taimake mu rana ta ɗan fito bayan azahar. Warin khal ɗin yana da kaifi amma yana bushewa yake tafiya. Bangon kuwa maigidan ya ce sai gobe zai wanke da bilic, ni kuma in tafi sashen Hajiya har ɗakin ya sha iska. Bilic da khal ba a haɗa su, hayaƙi mai guba suke fitarwa, don haka ko tsumma ɗaya ba mu yarda ya taɓa su biyun ba.

An kira kafinta ya cire filawud ɗin ya buga sabo, na roƙe shi ya huda 'yan ƙofofi a bayan kowane hawa. Ya yi ta dariya wai bai taɓa ganin wanda ya biya kuɗi a huda masa sabon katako ba. Durowar ta koma jikin bangon da ya raba ɗaki da falo, wanda ruwan sama ba ya dukansa, mun bar tazara kamar tsawon tafin hannu, mun ɗora ƙafafunta a kan jan bulo huɗu. Ba ta yi kyan gani ba, na sani. Na rufe bulon da ƙyalle.

Lahadi, 9 ga Yuni

Maigidan ya shiga Ikeja ya sayo wata 'yar na'ura mai batir, kamar agogon tebur, tana nuna zafi da yawan danshin iska. Na ajiye ta a kan durowar. Tun da aka kunna ta ba kasafai take sauka ƙasa da 80 ba, da asuba ma ta fi haka. Hunhuna kuwa idan danshi ya daɗe sama da kashi 70 cikin 100 ta samu wurin zama, ƙasa da 60 ake so ɗaki ya tsaya. A Kano da hunturu danshi kan faɗi ƙasa da kashi 20, shi ya sa leɓe ke tsagewa, shi ya sa kuma adakar Inna ba ta san wannan matsala ba. Legas tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, Yuni ne kuma watan da ya fi kowanne ruwa. Ga teku, ga tafki. Iskar kanta a jiƙe take.

Na daina ɗora magani a kan magani. Kowane hawa abu ɗaya zan sa in ga bambanci. Na sama na bar shi haka nan, don in samu abin kwatantawa. Na biyu gawayi, manyan gutsattsari biyar da na kakkaɓe na shanya, na naɗe a tsohuwar safa na sake sa wa a wata. Na uku bekin soda, rabin kofi a cikin roba, na rufe bakin da ƙyalle na ɗaure da zare. Na ƙasa gishiri a gwangwanin madara, don wata a rukuninmu na WhatsApp ta rantse da shi. Ƙamshi ko ɗigo ban sa ba, don kada ya rufe mini hanci.

Laraba, 19 ga Yuni

An yi Babbar Sallah ranar Lahadi, barkanmu. Hidimar nama ta hana ni zama, amma akwai abin da ba na so ya wuce ban rubuta ba.

Shaddojin maigidan uku aka kai wanki kafin Sallah, suka dawo a cikin leda sun sha sitaci suna ƙyalli. Ɗaya ya sa, biyun ya tura a durowa da ledarsu. Jiya na ciro su, cikin ledar ya yi gumi, wuyan ɗaya har ya fara tsami. Sitacin nan daga rogo ake yin sa, abinci ne, hunhuna tana so, kyankyaso ma yana so. Leda kuma ta kulle ɗan danshin da ya rage ta hana shi fita.

Na kafa doka, ya ji ya yi dariya amma ya amince. Kayan da za a ajiye ba sitaci, sai an tashi sawa. Abin da ya dawo daga wanki a fitar da shi daga leda a rataye ya kwana. Ni ma na gane laifina: ina gama guga nake ninkewa in tura da ɗuminsa, ashe tururin yana biye da shi ciki. Yanzu sai in baza a kan gado ya huce. Kuma na koyi gwada bushewa da kunci maimakon tafin hannu. In ka kara kalmasa ko aljihu ko wuyan riga a kuncinka ka ji sanyi-sanyi, bai bushe ba, ko da jikin rigar ya yi ƙarau. A watan nan zanen atamfa kan kwana biyu a igiya.

Asabar, 6 ga Yuli

Ruwan ranar Laraba, 3 ga wata, duk wanda ke garin nan ba zai manta da shi da wuri ba. Tun kafin gari ya waye ya tsuge, ya ɗauki sa'o'i bai tsagaita ba, tituna da dama suka zama kogi, masu zuwa aiki suka maƙale. Tsakar gidanmu ta cika, ruwa ya biyo ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa ledar ɗaki. Bulon da nake jin kunyarsa shi ya tsare mutuncin durowar, ruwan bai kai ƙafarta ba.

Yau na duba gwajin, kusan wata guda ke nan.

Gishiri ya ba ni kunya. Ya narke ya zama kamar kunu, gindin gwangwanin ya yi tsatsa ya bar zobe a katako, da ya kife da na yi asarar zannuwan gado. Dalilin kuwa, gishiri ba ya fara jan ruwa daga iska sosai sai danshi ya kai wajen kashi 75, idan ya fara kuma ba ya riƙe ruwan, narkewa yake yi a cikinsa. Tafki na ajiye wa kaina a cikin kaya. Na zubar.

Bekin soda ya dunƙule ya zama dutse, hawan ba ya wari amma ba zan ce ya fi na sama nesa ba. Na gawayi shi ne wanda na sa hanci ban ji komai ba, ko ɗan warin katako babu. Na sama, wanda ban sa wa komai ba, akwai ɗan warin rufi kaɗan, amma babu tabo ko ɗaya. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. A watan da ya fi kowanne ruwa, hawan da ba a yi masa magani ba ya fi yadda duk durowar take a watan Mayu, lokacin da nake ta ɗura mata turare. Yawancin aikin tazarar nan da ƙofofin kafinta ne suka yi shi. Na kai wa Hajiya soyayyen naman Sallah da ya rage.

Gawayi ya koma duka hawa huɗun.

Lahadi, 21 ga Yuli

Na rage kaya. Durowar da sai an danna da gwiwa take rufuwa iska ba ta da wurin wucewa. Na fitar da atamfa bakwai da na san ba zan ƙara sawa ba na bayar. Kowace safiya in akwai wuta nakan zaro hawa-hawa in bar fanka ta buga su kafin in gama shara. 'Yan ƙullin nan masu ƙwayoyi kamar tsakiya da ake samu a kwalin sabon takalmi, waɗanda da nake zubarwa, yanzu tara su nake, don aikinsu ke nan, shan danshi. Sai dai a ɓoye su daga yara.

Asabar, 10 ga Agusta

Ruwa ya ɗan ɗaga ƙafa kamar yadda yake yi a Agusta, duk da sararin yakan yini a lumshe. Na fitar da komai igiya, gawayin ma na baza shi ya sha iska da 'yar ranar da aka samu na mayar.

Hawa na sama na jariri ne yanzu. Na wanke kayansa da sabulu marar ƙamshi, na goge, na bar su suka huce. Ban sa kanumfari ba, ban turara ba, gawayi kaɗai a can lungu.

Na ga kashin kyankyaso a hawa na ƙasa. Hajiya ta ce ganyen darbejiya. Na tambayi wata maƙwabciyarmu Bayarabiya inda zan samu, ina ta kwatance da hannu, sai ta ce, "Dongoyaro?" Ashe dogon yaronmu ne suka ara suka ɗan lanƙwasa. Darasin ɓawon lemo bai bar ni ba, sai da ganyen ya bushe yana ruguzuwa a hannu na sa shi a jaka. Warinsa ɗaci-ɗaci ne, ba abin da za a kira ƙamshi ba, don haka a hawan zannuwan gado kawai na bar shi.

Lahadi, 15 ga Satumba

Na daɗe ban rubuta ba, da dalili. Na sauka lafiya, namiji, an yi suna, idonsa fari tas, babu shawara, alhamdulillahi. Inna ta zo wankan jego.

Kwananta biyu ta jawo durowa za ta ɗauko mini zane, ta shinshina ta ce, "Ikon Allah, kayan mace ba ƙamshi ba wari, sai ka ce na asibiti." Ta ga safar gawayi ta ɗaga ta da yatsa biyu tana kallona. Na ba ta labarin bango, ta saurara amma na ga ba ta gamsu ba.

Garin ne ya gamsar da ita. Ruwa ya dawo, ta wanke zannuwanta ta shanya, kwana biyu suna igiya, da ta kwaso ta ji sun yi tsami. Jakar tafiyarta da ta jingine a bangon nan na lungu, mako ɗaya gindinta ya yi fari. Da daddare na ji tana gaya wa Goggo a waya, "Garin nan ko gishiri kuka yake yi a kwano."

Amma kajijin da ta yi alkawari ta zo da shi, ƙulli guda, busasshe ƙarau. Ta ce yanzu dai ba ni da hujja.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Gaskiyar Inna, kajiji ba ya ƙarya, wuri busasshe kawai yake nema. Ga abin da ke cikin jakunkunan yanzu: kajiji cikin cokali biyu da aka ɗan farfasa a turmi ba a mayar da shi gari ba, kanumfari guda goma da kawunansu, ɗan guntun kirfa, da 'yan ɓarɓashin itacen sandal. Ƙyalle ninki biyu, kuma jakar a kusurwa take zama, ba ta taɓa farin kaya. Wata guda ke nan, idan na jawo hawan mayafai wani sanyayyen ƙamshi ne ke fitowa, ba mai hawa kai ba. In ya fara raguwa sai in murza jakar a tafin hannu ya farfaɗo. Kirfa ce ta fara sanyi, kanumfari ya fi su naci, har nakan ga ya so ya danne kajijin. Zagaye na gaba shida zan sa.

Turare mai mai, irin su humra, ban yarda in ɗiga a katako ko ƙyalle ba, tabon kallabina ya ishe ni.

Lahadi, 22 ga Disamba

Abin da ake kira hunturu a nan ya shigo. Ɗan hazo da safe, ƙura a kan gilashin mota, shi ke nan, amma na'urar ta sauko ƙasa fiye da yadda na taɓa ganinta, wanki kuma yana bushewa a yini ɗaya. Ranar Juma'a na fito da kabbasa karo na farko tun watan Mayu, na kai yaron sashen Hajiya saboda hayaƙi, na turara kayana. Yau kwana biyu, ƙamshin shi kaɗai ne a ciki, ba shi da abokin zama.

Na leƙa bangon lungu, ya bushe, amma baƙin yana nan a ƙarƙashin fenti. Maigidan ya yi wa mai gidan hayar magana a gyara magudanar da ke bin gindin bangon ta waje kafin ruwan Afrilu, an ce za a duba. Na rubuta a kalanda: farkon Maris, sabon gawayi, sabon khal, a zaro durowa a leƙa bayanta.

Leshin bikin ƙanwata kuwa, wanki uku da lemun tsami da rana sun rage tabon amma bai fita duka ba, akwai wasu ɗigo a wajen hannu na hagu. Na kai wa tela jiya, ta juya shi ta ce za ta rage hannun ta mayar da shi gajere.